Shekara Huɗu Tsakanin Buroshi da Gizago

Shekara huɗu na yi ina zuwa wata rumfa da ke gefen badala, kusa da Ƙofar Nassarawa a Kano, wurin wani dattijo da ya haɗa sana'ar zane da ta sassaƙa, wanda duk unguwar ba a kiransa da komai sai Malam. Na je masa da takardar shaidar karatun zane a hannu da buri guda a zuciya, wato in iya zana fuskar mutum har a kasa bambanta aikina da hoton kyamara. Ya duba zane-zanen da na kawo ɗaya bayan ɗaya, bai yaba ba kuma bai kushe ba, sannan ya miƙo mini guntun gawayi, ya nuna wani tsohon tulu mai ɓallin baki da ke jingine a kusurwa, ya ce, "Ɗana, zana mini wancan."

Mako uku na kwashe a kan tulun nan, kullum amsarsa ɗaya ce, wai tulun da ke cikin kaina nake zanawa, na gabana kuwa ban ko dube shi ba. Raina ya sosu ƙwarai, domin a ganina na wuce wannan matakin tun a ajin farko. Sai wata rana da hantsi, hasken da ke ratsowa ta hudar kwanon rufi ya faɗa a kan tulun, na lura cewa kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama tudu, kuma sawun yatsun wadda ta gina shi yana nan a wuyansa. Da na zana shi da karkatarsa, Malam ya ɗauki takardar ya maƙale ta a bango, bai ce uffan ba.

Daga baya ne na fahimci cewa hanyar da shi kansa ya biyo ce yake ɗora ni a kai. Mahaifinsa masassaƙi ne, mai yin turmi da taɓarya da akushi da allon almajirai, kuma Malam ya faɗa mini da bakinsa cewa a ƙuruciya yana jin kunyar wannan sana'a. Ya tafi sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wurin da ke da tarihi babba a fasahar ƙasar nan, domin a can ne a shekarar 1958, tun makarantar tana kwaleji, wasu ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta ƙi yarda a ce zane sai yadda Turawa suka koyar. Ra'ayinsu shi ne a karɓi dabarun da aka zo da su daga waje, a haɗa su da abin da mutum ya gada a gida, kamar yadda Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo. Malam yakan yi dariya ya ce ya haddace wannan ra'ayi tsaf, ya ci jarrabawa da shi, amma ko sau ɗaya bai tambayi kansa mene ne nasa gadon ba. Abin da ya ƙware a kai shi ne gina siffar mutum da yumɓu, a ɗaure ta da rodi, a zuba ta da siminti.

Da ya dawo Kano da wannan ƙwarewa sai ya tarar ba ta da kasuwa, kuma yaran unguwa suka laƙaba masa sunan mai gumaka. Wani aminin mahaifinsa ya zaunar da shi ya karanta masa hadisin da Bukhari da Muslim suka rawaito, na mutumin da ya je wa Ibn Abbas ya ce da yin hotuna yake ci, Ibn Abbas ya gargaɗe shi, sannan ya ce masa idan ba makawa sai ya yi, to ya yi bishiya da duk abin da ba shi da rai. Malam ya ce ya yi watanni yana juya maganar, a ƙarshe ya ajiye ginin siffar mai rai baki ɗaya. Ban taɓa jin ya zagi abokan karatunsa da suka ci gaba da yi ba, kuma idan aka tambaye shi hukunci yakan ce a je wurin malaman fiƙihu, shi sassaƙa ya sani.

Shekarun da suka biyo baya da rubutun alluna na shaguna da fentin bayan manyan motoci ya ciyar da iyalinsa. A cikin wannan lokaci ne ya koma ɗalibi karo na biyu, ya riƙa zama wurin tsofaffin magina yana kallon yadda ake ɗaura bakan gizo, wato bakan da ke ɗauke da rufin soro, da azara, da yadda ake fitar da zanen bango da hannu tun laka tana da danshi, da yadda ake haɗa laso da katsin marina da gashin jima da dafara domin ya kare gini daga ruwa. Ya zauna da masu zayyanar allo ya koyi yadda layi ɗaya ke shiga ƙarƙashin wani ya fito ba tare da ya tsinke ba. Yakan kai mu Gidan Makama, ya sa mu ɗaga kai mu yi ta kallon rufi har wuya ya ƙage, yana cewa Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ya san nauyi da daidaito fiye da yawancin masu digiri. Abin da ya fito daga wannan karatu shi ne sassaƙe-sassaƙen dagi da yake yi daga kututture guda, sarƙaƙƙe kamar an saƙa shi da igiya, da zane-zanen karofin Ƙofar Mata da lungunan Kasuwar Kurmi waɗanda yake yi a kan yadin akoko, shuni da jar ƙasa sun rinjayi kowane launi a cikinsu.

Da farko na ɗauki wannan duka a matsayin ja da baya, na ce a raina mutumin da gari ya fi ƙarfinsa ne yake neman abin da zai lallashi kansa. Har na taɓa kawo masa zancen Ben Enwonwu, wanda shi ma zane da sassaƙa ya haɗa, ya yi mutum-mutumin Sarauniyar Ingila da tagulla a shekarun 1950, kuma aka sayar da zanensa mai suna Tutu a Landan a 2018 kan kuɗi sama da fam miliyan ɗaya. Malam ya ce, "Ka san mahaifin Enwonwu ma masassaƙi ne a Onica? Ɗan ya je Landan ya yi karatu, amma bai jefar da kayan aikin ubansa ba. Ni na jefar, sai da na sha wuya na koma na tsinto." Yanzu ina ganin ya fi ni gaskiya a kan ingancin aikinsa, domin ƙofar da ya rufe wa kansa ce ta tilasta masa kallon abin da ke gabansa tun yana yaro. Duk da haka ba zan ɓoye ba, zaɓin ya jawo masa rashin suna da rashin kuɗi, tun da masu sayen irin wannan aiki sun fi yawa a Legas da Abuja, shi kuwa ko katin kasuwanci bai taɓa bugawa ba. Wannan ɓangaren ban yarda in gaje shi ba.

Darasin da ya fi yi mini zafi a kan wani gungumen maɗaci na same shi. A shekarata ta uku Malam ya ba ni izinin in sassaƙa dagina na farko, ya ce in jira itacen ya ƙara shekara a inuwa, ni kuwa na ga ɓawonsa ya bushe na ɗauka cikin ma haka yake. Na yi wata biyu ina aiki da gizago da magagari, aikin ya yi kyau har maƙwabta suna leƙowa. Hunturu na shigowa, wata safiya na tarar da shi ya tsage daga sama har tsakiya, tsagar da yatsana ke shiga. Na ɗauko garin katako da gam zan cike ta in shafe da fenti, Malam ya riƙe hannuna. Ya ce mai zane idan ya yi kuskure yana iya ƙara launi a kan launi, masassaƙi kuwa abin da ya cire ya tafi ke nan, shi ya sa buroshi yake jure gaggawa amma gizago ba ya jure ta. Ya sa na bar gungumen a bakin rumfa kamar yadda yake, kuma duk baƙon da ya tambaya ni ne nake bayani da bakina.

Injinan buga allunan talla sun riga sun cinye sana'ar rubutun allon shaguna kafin in bar wurinsa, abin da yake yi a kwana uku suna fitar da shi cikin minti kaɗan. Ni ma yau da kwamfuta nake samun abin cefane, ina tsara tambura da katunan biki a wani shago da ke Fagge, kuma rabin abin da nake zanawa dagin nan ne da zayyanar da na koya a rumfarsa. Malam ya daina sassaƙa saboda ciwon kafaɗa, zane kawai yake taɓawa idan ido ya ba shi dama. Da na je gaishe shi da Sallar da ta wuce, ya sa jikansa ya ɗauko gizagon mahaifinsa, wanda ƙotarsa ta yi santsi ta yi baƙi saboda riƙo, ya ba ni, ya tambaye ni ko ina da itace a ajiye. Na ce ina da guntun ƙirya da na saya bara.

Ya ce, "Bara? To, ka ƙara masa ɗaya."