Motsa jiki da asuba a lokacin ɗari a Damagaram

Daga Disamba zuwa Janairu, sanyin asuba a Damagaram yakan sauka zuwa digiri 14 ko 15, wata rana ƙasa da haka, amma da azahar sai ka ga ya haura kusan 30. Wannan ɗari shi kaɗai ba ya kayar da lafiyayyen mutum. Abin da ke kwantar da masu gudun safe shi ne busasshiyar iska, da ƙura, da jiƙaƙƙiyar riga idan jaura ta buge ta.

Mu fara da tufafi, don a nan ne aka fi yin kuskure. Mutum ya fito bayan sallar asuba da rigar sanyi mai kauri a kan rigar auduga, minti goma da fara sassarfa zufa ta jiƙa ta ciki. Auduga tana shan ruwa ta riƙe, da ka tsaya kuwa iska ta bi ta kanta ta kwashe ɗumin jiki, sai rawar ɗari. Gara ka sa rigar ƙwallo a ciki, irin ta roba mai saurin bushewa, ka ɗora wata marar nauyi mai zif wadda za ka iya buɗewa ko ka ɗaura a ƙugu. Ma'aunin shi ne ka ɗan ji sanyi sa'ad da ka fito ƙofar gida. In ka fito kana jin ɗumi, ka yi wa kanka kaya da yawa. Hula mai rufe kunne ta fi ƙarin riga amfani. Masu sa leda a cikin riga wai don rage ƙiba, ruwan jikinsu kawai suke zubarwa, kitse yana nan inda yake.

Tsoka mai sanyi ba ta son fizga. Ka ba ta minti 10 zuwa 15: tafiya da sauri, sassarfa a hankali, ɗaga gwiwa, juya kafaɗa da ƙugu. Miƙar da ake tsayawa a ja ƙafa a riƙe, a bar ta sai an gama. Wannan ya fi shafar ƴan ƙwallo da samarin da ke kokawa a unguwa idan gasar takobi, wato babbar gasar kokawa ta ƙasar Nijar, ta gabato.

Sai numfashi. Hanci ne ke ɗumama iska, ya jiƙa ta, ya tace ƙura. Baki ba ya yin ko ɗaya da kyau. Idan ka yi gudun da sai ka buɗe baki, busasshiyar iskar tana kai wa maƙogwaro da hanyoyin huhu kai tsaye, su tsuke, shi ya sa wasu ke tari ko numfashinsu ya riƙa shewa bayan sun tsaya. Rage gudu har ka iya yin magana kana tafe, ka yafa ɗan mayafi ko bakin rawani a hanci da baki. Ƙurar nan, wadda yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, laushinta ya fi ƙarfin ƙyalle, don haka ranar da hazo ya rufe gari har ba ka hango ƙarshen layi, yi motsinka a cikin gida. Mai asma kada ya fita ba tare da abin shaƙarsa ba. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya jira rana ta ɗaga, wajen ƙarfe takwas, domin sanyi yana matse jijiyoyin jini. Mai sikila ya yi hattara ƙwarai, sanyi da ƙarancin ruwa duk suna tayar masa da ciwo.

Ƙishirwa ba ta damun mutum a hunturu, alhali ruwa na fita ta numfashi da zufar da ke bushewa nan take. Sha kamar rabin lita awa biyu kafin fita in da hali, in da asuba ne kofi ɗaya ko biyu, sannan rabin lita bayan dawowa. Fitsari ya yi duhu, ruwa bai isa ba. Shayi ba laifi, amma kofin shayinmu ɗan ƙarami ne.

Shafa man kaɗanya a leɓe da dunduniya saboda kaushi, da ɗan kaɗan a bakin hanci. In haɓo ya zo, sunkuya gaba ka matse hanci minti 10. Ɗaga kai sama jini ne yake turawa maƙogwaro.

Masu bin hanyar Mirya ko ta Tanut cikin duhu da hazo, ku bi gefen hagu kuna fuskantar motoci, da riga mai haske, don ɗan kabu-kabun da ya naɗe fuska saboda sanyi ba lallai ya gan ku ba. Ku kauce wa inda ake ƙona taya ko shara ana jin ɗumi.

Da ka dawo, cire jiƙaƙƙiyar rigar nan take, ka huta kaɗan kafin wanka da ruwan ɗumi. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya a wannan lokaci kada a ce gajiyar gudu ce: lokacin sanƙarau ne, jihar Damagaram ta sha fama da shi a ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, sai a nufi asibiti a ranar.