Yammacin da na yi a Shamian

Kaya sun yi jinkirin fitowa a Guangzhou, sai abokina ya ce mu je tsibirin Shamian mu sha iska. Tsofaffin benaye irin na Turawa, manyan bishiyoyi, amare suna ta ɗaukar hoto. Ashe nan ne Ingila da Faransa suka yi zaman kansu, da ofishin jakadanci da bankuna, da dare a rufe gada kamar gidan ubansu.

Abin da ya tsaya min a rai: ranar 23 ga Yuni 1925, daga tsibirin nan sojojinsu suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta, aka kashe sama da 50. Sinawa suka ƙaurace wa kayan Ingila wata 16, kasuwancin Hong Kong, da ke hannun Ingila a lokacin, ya durƙushe. Na daɗe tsaye bakin gadar, shayina har ya huce.