Ranar da na rufe wa kare mai gadi baki

Jibi zan miƙa makullin atiliye, bayan shekara huɗu. Duk wanda muka yi aiki tare a Tawa ya san zancen famfon ƙauyen nan na hanyar Keita, amma daga baki ɗaya aka ji shi. Ga nawa.

Akwatin da ke kunna famfon ni na haɗa shi, a kan ATmega328P, ƴar ƙwaƙwalwar lantarki da ake zuba wa furogaram. Aikinsa ya duba ruwan shato, wato tankin ruwa, ya duba ruwan rijiya, sannan ya kama rile, wato makunnin famfon, ko ya sake shi. A cikin wannan ƙwaƙwalwa akwai abin da muke kira wacdog, wato kare mai gadi. Ƙidaya ce kawai, amma da agogonta na kanta mai bugun kilohaz 128, ba ruwanta da babban agogon da furogaram ke bi. Kai ke yanka mata wa'adi, daga milisakan 16 har sakan 8. Dole furogaram ya riƙa komowa yana mayar da ƙidayar sifili kafin wa'adi ya cika, shi ne muke ce wa ciyar da kare. In ya maƙale wani wuri bai zo ba, ƙidaya ta cika, sai karen ya tayar da ƙwaƙwalwar daga farko, kamar an cire wuta an mayar. Rile ya saki, famfo ya tsaya.

Na sa wa'adin sakan 2, na ajiye ciyarwar a ƙarshen babban zagaye, wato jerin ayyukan da furogaram ke ta maimaitawa, inda ya kamata. Da muka fara gwaji sai akwatin ya riƙa sake tashi, sau uku sau huɗu a wuni, galibi daidai lokacin da famfo ya kama. Na karanta rajistar MCUSR, inda ƙwaƙwalwar ke ajiye dalilin sake tashinta, na ga WDRF, alamar kare, a tsaye: karen ne ke haushi. Dalili ma na gano shi. Doguwar wayar I2C, wadda ke ɗauko bayani daga ma'auni, tana kwasar hayaniyar lantarki daga famfo, furogaram ya tsaya jiran amsar da ba za ta zo ba.

Na ce, "Shef, a ba ni mako guda in gyara tushen abin." Masu ba da kuɗi kuwa ranar Alhamis za su iso daga Yamai. Ya ce, "Yaro, rufe wa karen nan baki." Na ce, "Ranka ya daɗe, ba banza yake haushi ba." Ya ce, "Ni ke sa hannu ko kai?"

Da hannuna na yi, wannan ba zan ɗora wa kowa ba. Na ɗauke ciyarwar na kai ta cikin katsewar agogo, ƴar guntuwar aikin nan da ke shigowa kowane milisakan ko babban zagaye na tafiya ko ya mutu. Kamar mutumin da ya suma ne, zuciya na bugawa amma babu mai amsa sallama. Kare na samun abincinsa a kan kari, don me zai yi haushi? Baƙi suka zo, suka ɗauki hoto, suka tafi.

Cikin watan Afrilu, ana tsananin zafi, furogaram ya maƙale rile na kame. Ruwan rijiya ya ja baya, famfo ya yi ta juyawa a bushe har la'asar. Da na isa, ƴar fitilar akwatin na ta ƙyaftawa lafiya lau, don ita ma katsewar ce ke kunna ta. Da aka zaro famfon, ƙauri ne ya fara tarbar mu. Mata sun jera bido, jakuna a rana. Wata tsohuwa ta kama hannun rigata ta ce, "Ɗana, yaushe ruwan zai dawo?" Kwana 11 suka yi suna tafiya rijiya mai nisa.

A taro shef ya ce kuskuren mai furogaram ne. Aka yanke mini albashi. Mutum biyu da suka ji umarnin da kunnensu suka sunkuyar da kai. Laifi tudu ne, na sani, amma har yau shef bai taɓa kirana gefe ya ce komai ba.

Na sake rubuta furogaram ɗin da dare a gida. Yanzu karanta shato, karanta rijiya da sarrafa rile, kowanne sai ya ɗaga alamarsa, kuma sai ukun sun cika ake ciyar da kare, a wuri ɗaya tak. Kowane jira na da iyaka. Da akwati ya tashi, rile a kashe yake farawa, a rubuta dalilin tashin a EEPROM, ma'ajiyar da ba ta gogewa ko an cire wuta.

Wanda zai gaje ni, ka kula: bayan kare ya tayar da ATmega, karen yana nan a kunne da wa'adi mafi gajarta, in ba ka goge WDRF ka kashe shi tun layin farko ba, akwati zai yi ta zagaye bai tashi ba. Umarnin da ya taɓa tsaron na'ura, ka nemi a rubuta maka shi, ko da saƙon WhatsApp ne.

Akwati tara na haɗa bayan wancan, babu famfon da ya sake ƙonewa. Littafina na cikin aljihun tebur na hagu, shafin famfon Keita na ninke kusurwarsa.