Kafaɗar da ta ƙi juyawa

Tunda na bar sashen ƙashi na asibiti, bari in amayar da abin da na daɗe ina haɗiyewa.

An kawo mana wani matashi mai farfaɗiya. Tun ranar da ciwon ya kayar da shi hannunsa ya manne da cikinsa. Na riƙe gwiwar hannun na gwada juya shi waje, ya ƙi ƙememe, kamar ƙofar da aka danna wa sakata. Gaban kafaɗar ya shafe, bayanta ya ɗan tasa. Na ce wa babban likitanmu, "Ranka ya daɗe, ina zargin ta baya ta goce, a ƙara mana hoto ta hammata." Ya ɗaga hoton gaba, shi kaɗai aka ɗauka, ya ce ƙashi na mazauninsa, sannan ya tambayi ɗalibai ko sun gaisa da sabon farfesa. Aka kwashe da dariya. Aka tura yaron gashin ƙashi.

Kusan kashi 95 cikin 100 na gocewar kafaɗa ta gaba ce, shi ya sa ido ke mantawa da ta baya, ita kuwa ta iya ɓuya a hoton gaba. Farfaɗiya da jan lantarki ne suka fi kawo ta, don tsokokin da ke murɗa hannu ciki sun fi na waje ƙarfi. Kafin a yarda a yi hoton hammatar makonni sun shuɗe, kan ƙashin ya lotsa a bakin kwarminsa, sai tiyata. A taron mako oga ya gabatar da yaron a matsayin abin da idonsa ya kamo. Ina zaune a layin baya. Allah ya sa na rubuta zargina a fayil, da kwanan wata da sa hannu. Yana nan har gobe.

Sauran gwaje-gwajen kafaɗa a gurguje. Wajen gwada ko kafaɗa na son gocewa ta gaba, in ka ɗaga hannu digiri 90 ka juya shi waje, fuskar mara lafiya za ka kalla: fargaba ake nema, zafi kaɗai ba hujja ba ne. Danna kan ƙashin baya, in fargabar ta kwanta ka samu amsa. Shafa fatar gefen kafaɗa kafin gyara da bayansa, ka ji ko yana jin taɓawar, don gane ko gocewar ta taɓa jijiya. Wanda ya haura shekara 40, duba tsokokin da ke riƙe kafaɗar. Gwajin O'Brien na yagewar guringuntsin bakin kwarmi kuwa, kada ka sa talaka biyan kuɗin hoton MRI a kansa shi kaɗai.