Godiya ga duk wanda ya sa hannu a horon ɗalibanmu

Assalamu alaikum ƴan uwa na Damagaram da kewaye.

Alhamdu lillahi, jiya Asabar bayan la'asar muka rufe horon kwana 10 da muka yi wa ɗaliban ajin ƙarshe na cibiyarmu ta koyon noma da kiwo. An tashi lafiya, ko ƙaya ba ta soki kowa ba, in ban da ni da tiyon ban ruwa ya harɗe a gaban yara, suka samu abin dariya na shekara guda. Tun daren jiya nake ta kiran waya, sai na ga in na ce zan bi kowa ɗaya bayan ɗaya, kuɗin wayar zai ƙare ban kai rabi ba. To ga godiyata a bainar jama'a, wanda bai gani ba a faɗa masa.

Da yawa ba su san abin da ya haifar da wannan horo ba. Bara war haka, wani ɗalibina yana koyon aiki a wata garka ta wajen Mirya, aka ba shi feshin shu. Ya ɗauki famfo ya goya da rana tsaka, daga shi sai ƴar shara da silifa. Bakin famfon ya toshe, ya kwance shi ya sa a baki ya hura. Kafin azahar gumi ya rufe shi, miyau na zuba, ga amai, ga ciwon ciki. Abokan aikinsa suka ɗura masa nono, don haka suka gada, sai da suka ga numfashi na neman gagara sannan aka ɗora shi a moto aka kai shi likita. Majo na buɗe idonsa ya ga ƙwayar ta tsuke kamar kan allura, ya ce ina kwalbar maganin? Babu wanda ya zo da ita. Sai da aka sake komawa garka aka ɗauko.

Allah ya yi da sauran kwana, yaro ya tashi. Amma abin da ya hana ni barci shi ne, wannan yaron 17 bisa 20 ya samu a jarrabawar da na yi musu a kan maganin ƙwari. Duk abin da ya kamata ya yi ya rubuta mini shi a takarda, da kyakkyawan rubutu. A allo na koyar, a allo abin ya tsaya. Wannan laifina ne, ban raba shi da kowa ba.

Don haka godiyar farko ta mahaifin yaron nan ce. Baba, ranar da na same ka a bakin ɗakin jinya na zo da shirin shan faɗa, kai kuwa ka matsa mini tabarma, ka ce in zauna. Abin da ka roƙe ni kawai shi ne kada ɗan wani ya sake kwanciya a nan. Allah ya saka maka da alheri, ya raya maka zuri'a. Shi ma yaron ya zo ranar farko ya tsaya gaban ƙannensa ya ba da labarin da bakinsa, har wurin hurawar bai ɓoye ba. Ba ƙaramar jarumta ba ce saurayi ya faɗi wautarsa a gaban ƴan mata.

Sai babban yayanmu na ma'aikatar kare tsirrai, wanda ya ba mu kwana 3 cur bai karɓi ko dala ba. Shi ne ya yi abin da ban taɓa tunaninsa ba a duk shekarun da na yi ina koyarwa. Ya zuba ruwa da bula a famfo, ya sa yaro ɗaya farar riga da farin wando, ya ce je ka fesa kunya biyu kamar yadda ka saba. Da yaron ya dawo, tun daga gwiwa har ƙasa ya yi shuɗi, bayansa ya jiƙe inda murfin tanki ke yoyo, ga ɗigo-ɗigo a wuya da gefen baki inda ya share gumi. Wuri ya yi tsit. Ya ce musu da magani ne, duk wannan ta fata zai shiga, ba sai an sha ba. Daga nan ba a sake roƙon kowa ya sa safar hannu ba.

Ya baje kwalabe a kan tabarma ya koya musu karanta zanen launi da ke ƙasan takarda: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Ya nuna musu inda ake duba lambar amincewar kwamitin Sahel mai tantance magungunan ƙwari, wanda ke Bamako ƙarƙashin CILSS, hukumar ƙasashen Sahel mai yaƙi da fari, ya kuma ɗaga wata kwalbar parakwat, maganin kashe ciyawa, da ya tsinta a kasuwar ƙauye, alhali tun 2011 aka hana shi a ƙasashen Sahel. Mu da ke maƙwabtaka da iyaka mun san yadda kaya ke shigowa ta Magarya da Matamai, wani rubutun takardarsa manomi ba ya iya karantawa, wani ma an ɗura shi a gorar lemo babu takarda sam. Ya yi dogon bayani a kan piya-piya, da yadda ake yayyafa shi a ɗakin kwana da kan busasshen kifi kamar turare. Ya ce a yi feshi da sanyin safiya ko da yamma, iska na bayanka, ba ci, ba goro, ba taba. A ɗauraye kwalba sau 3 a zuba ruwan cikin tanki, a huda ta don kada gobe a same ta da man gujjiya ko ruwan sha a ciki. Kuma a kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka, don tumatirin da ka fesa jiya ka kai kasuwar Dole ranar Alhamis, wataƙila gidanku za a saye shi.

Abu ɗaya da na ji daɗinsa ƙwarai, bai tsaya ga tsoratarwa ba. Da aka zo maganar ƙwayar da ake jefawa cikin buhun wake, wadda iskarta ke kashe mutum in an ajiye buhun a ɗakin da ake kwana, sai ya ɗauko buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, wanda masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, a Maradi suka yi aiki a kansa tare da jami'ar Purdue ta Amurka. Ya sa kowa ya matse iska ya ɗaure bakin kowace leda daban. Ƙwaro ya rasa iska ya mutu, babu magani ko ɗigo. Yaya, Allah ya ƙara girma.

Godiya ga majo, wanda ya karɓi yaronmu bara, ya kuma yarda ya zo ya maimaita wa sauran. A takaice ya yi magana, irin ta mutumin da layi ke jiransa: nono ba makari ba ne, kada a sa mutum amai da ƙarfi, a tuɓe masa kayan da suka jiƙe, a wanke jiki da ruwa da sabulu, a kai shi likita tare da kwalbar. A kan saran kububuwa ya ce ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaurin kawo wuƙa, a cire zobe, a hana gaɓar motsi, a yi sauri. Wani ɗalibi ya yi gardama a kan maganin gida na kakansa, majo bai ci masa fuska ba, ya ce ka ɗauki addu'ar kaka ka taho da ita asibiti.

Wanda ya fi sa ni ƙwalla shi ne dattijon da ya zo daga yankin Korama, mai garkar rake da rogo. Ba mu gayyace shi da takarda ba, labari ya ji wurin jikansa ya hau motar kasuwa ya zo. Baba ya zauna bakin rijiyar cibiya ya faɗa wa yara yadda ya rasa ƙanensa da ɗan maƙwabcinsa rana ɗaya. Ruwa ya yi ƙasa, suka zura injin ban ruwa cikin rijiya yana aiki, ƙanen ya sauka gyara tiyo, bai fito ba. Na biyun ya bi shi don ceto, shi ma shiru. Ni na ƙara musu da abin da ke cikin littafi, cewa hayaƙin injin mai aiki da esansi yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma a rami take taruwa. Amma na lura ba ni suke kallo ba, hannun Baba suke kallo, yana juya hularsa. Baba, mun gode, Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, ya sa ka koma gida lafiya.

Ƴan kwana-kwana biyu da suka zo ranar hutunsu, mun gode. Sun nuna yadda ake ɗaukar wanda ya karye, da dalilin da ba a watsa wa wutar mai ruwa, kuma yanzu kowane ɗalibi ya haddace lamba 18. Makanikin da ya kwance mana injin niƙa da na casa shi ma ya yi ƙoƙari. Shi ya ja hankalinmu ga abin da mu maza muka manta, wato bakin hijabi da gyale kusa da bel mai juyawa. Malama abokiyar aikina ta zauna da ƴan matan suka fitar da yadda za a ɗaura a cusa cikin rigar aiki, sutura ta cika, babu abin da ke lilo. Malama, wannan dabara taki ce, kada wani ya ci da sunanki.

Kwanaki 3 na ƙarshe na neman abin yi ne, kuma a nan ne na gane yaranmu sun fi tsoron ofis a kan maciji. Alhaji mai shagon iri da takin zamani ya zauna kan kujera ya zama mai ɗaukar aiki, suna shigowa ɗaya-ɗaya da CV, wato takardar tarihin karatu da aiki, a hannu. Wani ya shigo ba sallama, wani ya rubuta ya iya tuƙa tarakta alhali sau ɗaya ya hau, wata kuwa da ta fi kowa iya yayen tumatir da dashe ta kasa ɗaga kai ta faɗa. Alhaji ya tambayi kowannensu abu guda: manomi ya zo da ganyen da tsutsa ta ci, yana son maganin da ya fi ƙarfi, me za ka ba shi? Wanda ya ce sai ya ga tsutsar tukuna, ya kuma tambayi yaushe za a tsinka, shi Alhaji ya ce wa ya same shi a shago bayan ya gama. Alhaji, mun riƙe ka da wannan magana.

An yi musu bayanin yin rajista a ANPE, hukumar ƙasa ta masu neman aiki, da tallafin koyon sana'a na asusun FAFPA, da makarantar IPDR ta Kollo, mai koyar da aikin raya karkara, ga mai son ƙara karatu, da Jami'ar André Salifou da ke nan ƙofarmu. An faɗa musu dokar aiki ta 2012 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikaci nauyin kare lafiyarsa a wurin aiki, kuma wanda aka yi wa rajista a CNSS, asusun ƙasa na inshorar ma'aikata, yana da inda zai dafa in hatsari ya same shi a bakin aiki. Tambayar takalmi da safar hannu ranar da aka ɗauke ka ba rashin kunya ba ne.

Gaskiya dai mun sani, yawancinsu ba albashi ke jiransu ba, garka ce da turke. Shi ya sa na fi kowa murna da zuwan Hajiya shugabar ƙungiyar mata masu man gujjiya da ƙuli-ƙuli. Ba ta taɓa shiga lakwal ba, amma ta ɗaure ƴan ajin ƙarshe da lissafi. Ta sa wani ya kawo ribar da yake tsammani daga kiwon rago na Layya, ya faɗi jikkuna masu daɗin ji. Ta ce ina kuɗin dusa? Ina na harawa in rani ya tsananta? Ina na allura? Ruwa fa, a garin nan da kowa ya san darajar bido? Kai da ka yi wata huɗu kana ɗawainiya, kyauta ka yi? Kafin ta gama riba ta koma rabi, yaro na ta sosa ƙeya. Hajiya, Allah ya ƙara albarka a kasuwa, kuma ƙuli-ƙulin da kika kawo ko ɓurɓushi bai kwana ba.

Iyayenmu mata da suka dafa abinci kwana 10, da mai gadi da ya riƙa buɗe ƙofa tun asuba cikin wannan ɗari, da direban da ya kai mu garka ya dawo da mu kan kuɗin mai kawai, da tela da ya ɗinka rigunan aiki ya ce a biya in an samu, da limamin unguwa da ya buɗe ya kuma rufe da addu'a, da iyayen da suka saki ƴaƴansu a lokacin da ake buƙatar hannu a noman rani, duk Allah ya biya ku.

Ba zan ɓoye ba, akwai waɗanda suka yi mana alkawarin kayan kariya da babbar murya, muka yi ta sintiri har takalmi ya suɗe, ranar buɗewa waya ta daina shiga. Ban riƙe kowa a zuciya ba. Amma ɗalibai 34 da takalmin roba ƙafa 9 muka yi horon nan, ana tuɓewa ana ba na gaba, mai ƙaramar ƙafa na cusa tsumma. Ƙofa na nan buɗe, ƴan aji na biyu za su yi nasu kafin zafi ya shigo.

Ku kuma ɗalibaina, ranar Litinin kowa ya zo da abin da muka yi alkawari: ya duba gidansu da garkarsu, duk tsohuwar kwalbar maganin ƙwari da ya samu ana zuba mai, gishiri ko ruwa, ya sa safar hannu ya ƙulle ta a leda ya kawo, yayanmu na kare tsirrai zai zo ya karɓa. Wanda kuma ya tafi da safar hannu ta hagu guda biyu ya dawo da ɗaya, mai ta dama biyu na nan yana jira.

Wassalam.