Abin da na koya a shagon gas kafin na ajiye aiki

Satin nan na miƙa wa oga makullin shago bayan shekara uku ina ɗura wa mutane gas, kuma wallahi abu ɗaya ne ya fi tsaya min a rai, maganar wata Hajiya da ke zuwa da tukunya mai kilo 12.5.

A 2024 ne, lokacin da kilo ya haura naira dubu kowa na kuka. Duk zuwan da za ta yi sai ta ce min ɗana gas ɗin nan fa ba ya kai min yadda ya saba, ni kuma da yake na yarda da sikelinmu ɗari bisa ɗari sai na ce Hajiya ki duba gida, ƙila yarinyar da ke miki girki ce ke barin wuta a kunne tana hira. Haka na faɗa, ban je gidan ba ban ga komai ba. Zuwanta na gaba ta ce min ai ta sallami yarinyar ta koma ƙauyensu. Bayan kamar wata biyu wani mai shayi ya zo da nasa ɗan sikelin na rataye, muka ɗora tukunyarsa, sai ga giɓi. Ashe an taɓa namu, kowace babbar tukunya ana cin wajen rabin kilo, kuma da hannuna nake yi ban sani ba. Da na tunkari oga ko kunya babu, cewa ya yi kai yaro ne ba ka san kasuwa ba, kowa haka yake yi, in ba za ka iya ba ga hanya nan. Na daure na ƙara watanni saboda ina da iyali, amma duk wanda na ɗura wa sai na ƙara masa a ɓoye har ya cika, oga ya gane, ya zaftare min albashi sau biyu. Na yafe kuɗin. Yarinyar nan ce ban san inda zan same ta in nemi gafara ba.

Toh don Allah duk mai sayen gas, a jikin tukunyarka akwai nauyinta in babu komai ciki, an buga shi da haruffan TW wajen mariƙi. Ka sa a auna a gabanka kafin a ɗura, a sake aunawa bayan an ɗura, ka yi lissafinka da kanka. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. In da hali ka sayi ɗan sikeli ka ajiye a gida.

Sai yoyo. Ka kaɗa ruwan sabulu ka shafa a bakin regileta da tiyo, in ka ga kumfa na tashi to kuɗinka ne ke fita, ga haɗari kuma. Harshen wuta shuɗi ake so, in ya koma ja ko tukunyar girki na yin baƙi a wanke kan murhun. A sa wa tukunyar abinci murfi in ana girki, a jiƙa wake tun dare, in ya tafasa a rage wuta.

Wutar NEPA ma na koyi nata a shagon, don ni ke sa mana kati. Tun da aka kai 'yan Band A, wato rukunin da aka ce za a riƙa ba su wuta aƙalla awa 20 a rana, naira 225 kan yunit ɗaya a watan Afrilun 2024 na fara lura, yunit ɗaya shi ne abu mai wat 1000 ya yi awa guda yana aiki. Ba cajin waya ke cinye mita ba, hitar ruwa ce da dutsen guga da murhun lantarki, duk abin da ke yin zafi. A tara guga a yi lokaci ɗaya, a canza tsofaffin ƙwayaye zuwa LED, robar ƙofar firiji in ta saki a gyara.

Hajiya kam na je har gida na faɗa mata gaskiya kafin na bar aikin. Ta yi shiru ta daɗe, sannan ta ce za ta aika a nemo yarinyar. Har yau ban ji ko an same ta ba.