Kafin ka ƙara wa tocilar HID wat, gyara mata saiti

Yawancin masu son ƙara wa babbar tocilar HID (mai ƙwan zenon da ke haske da tartsatsin wuta) ƙarfi, da balas suke farawa, wato na'urar da ke kunna ƙwan tana daidaita masa wuta: su cire mai wat 35, su ɗora mai wat 55, sannan su yi mamakin yadda haske ya ƙaru a kusa amma nisan bai taka kara ya karya ba. A ganina wannan shi ya kamata ya zo a ƙarshe. Nisan da tocila ke jefa haske ya fi dogara ga inda wutar ƙwan ta zauna a cikin kwanon nan mai ƙyalli da ke tattara haske ya jefa shi gaba, ba ga yawan wat ba.

Ƙwan HID ba shi da zare irin na halojin. Tartsatsin wuta ne ke tsallakawa tsakanin ƙarafa biyu na tungsten, tazararsu kamar milimita 4, a cikin ɗan ƙoƙon gilashin kwaz mai iskar zenon da gishirin ƙarafa. Balas ne ke bugo masa bolt sama da 20,000 don ya kama, daga baya ya riƙe shi a wajen bolt 85. Ƙwai mai kyau irin D2S na wat 35 yana ba da lumen (ma'aunin yawan haske) kusan 3,200, alhali halojin H3 mai wat 55 bai wuce 1,450 ba. Saboda wannan bugun na farko, kada hannunka ya kusanci wayoyin ƙwan sai ka cire batir gaba ɗaya. Kashe makunni kawai bai isa ba.

Fara da batir. Da yawa daga cikin waɗannan tociloli da batirin dalma mai bolt 12, 7Ah suke zuwa, nauyinsa ya haura kilo biyu. Da ya fara tsufa sai ƙarfinsa ya faɗi a daidai lokacin kunnawa, domin balas yakan ja ninki biyu ko fiye na abin da yake ci bayan ƙwan ya yi zafi. Shi ne za ka ga fitila ta yi walƙiya sau biyu ta mutu, a ɗora wa ƙwai laifi. Batiran litiyam samfurin 18650 guda tara masu 3,000mAh, uku-uku a haɗe sannan a jera rukunin ukun, za su ba ka kusan 100Wh (wato wat 100 na tsawon awa ɗaya) a nauyin da bai kai rabin kilo ba. Balas mai wat 35 yana cin kamar wat 42 daga batir, ka ga kenan kana da awa biyu da 'yan mintoci. Kada ka jera rukuni huɗu: idan sun cika suna kai bolt 16.8, yawancin balas kuwa iyakarsu 16 ne. In dai huɗun kake so, to nemi nau'in batirin litiyam da ake kira LiFePO4, wanda cikarsa bolt 14.6 ce. Sa allon kariya na BMS mai ɗaukar amfiya 15 ko sama, domin ƙarami zai ɗauki jan farkon nan a matsayin haɗuwar waya ya yanke wuta. Sa fiyus kusa da kan batir, kuma ka ajiye tsohuwar cajar, ba ta dace da litiyam ba.

Sai saiti, inda aikin yake. Kwanon yana da cibiya guda ɗaya tak, wadda duk hasken da ya tashi daga gare ta yake fita a miƙe. Idan tartsatsin ya goce daga nan da milimita ɗaya ma, haske ya watse. Ka fuskantar da tocilar ga farin bango mai nisan mita 10 ko fiye, ka bar ta minti ɗaya launinta ya daidaita, sannan ka dubi tsakiyar hasken. In ka ga baƙin rami da zobe mai haske kewaye da shi, ƙwan ya shige ciki da yawa ko bai kai ba. Kashe, bari ya huce, ka sa siririyar washa ta ƙarfe mai kaurin rabin milimita a ƙarƙashin gindin ƙwan don ja da shi baya. In ramin ya ƙara faɗi, to gaba yake so, sai ka goge mazauninsa da fayil kaɗan-kaɗan. Aiki ne na haƙuri, za ka iya kwancewa sau biyar ko shida.

Akwai abin da mutane ke mantawa: idan ƙwan yana kwance, zafi yana lanƙwasa tartsatsin sama kamar baka. Don haka ka yi saitin tocilar tana kwance yadda ake riƙe ta, ba tana kallon rufi ba. Doguwar wayar nan mai rigar tangaram da ke bin gefen ƙwan kuma ta kasance a ƙasa.

Ido yana ruɗi, gara ka auna. Da na'urar awon haske, ɗauki adadin luks (hasken da ke sauka a bango) a tsakiyar hasken ka ninka shi da nisan, sannan ka sake ninkawa da nisan, ka sami kandela, wato ƙarfin jifar hasken: luks 2,000 a mita 10 na nufin kandela 200,000. Da ka fara wannan awon za ka daina yarda da miliyoyin kandela da ake bugawa a jikin kwalin tocila.

Launi ba shi da dogon zance. Ɗauki ƙwai mai lambar launi 4300K ko 5000K. Shuɗin nan na 8000K kyan gani ne kawai, haskensa ya fi ƙaranci, kuma a cikin ƙura ko hazo ido yake dawo wa.

To, in ka gama waɗannan kana son wat 55, ka sani cewa balas masu arha sukan rubuta abin da suke ci ne, abin da ke isa ga ƙwan yakan tsaya wajen wat 45. Ƙwan wat 35 zai ɗauka, amma launinsa zai karkata zuwa rawaya kuma kwanansa zai ragu. Babbar matsalar zafi ce. Kwanon roba da aka shafa wa alminiyam yana fara dishewa daga saman ƙwan, murfin gaba na roba kuma ya yi laushi ya lotsa. In kwanonka ba na ƙarfe ba ne, murfin kuma ba gilashi ba, ka tsaya a 35. Makunnin asali ma sau da yawa ba ya jure jan, sai ka bar shi ya riƙa tayar da rile (makunnin da wuta ke kunnawa), rile ya ɗauki nauyin ta waya mai kaurin 1.5mm² ko fiye.

Kada ka taɓa gilashin ƙwan da yatsa. In ka taɓa, goge da sifirit kafin ka kunna. Ƙwan da gilashinsa na waje ya tsage a jefar da shi, domin shi ke tare hasken UV mai ƙona ido. Kuma ka rage kunna-kashe, kowane bugu yana cin bakin ƙarafan nan biyu, tazararsu ta ƙaru, saitin da ka sha wahala a kansa ya fara buɗewa.